Sawun Gyara: Yadda Ake Gane Wanda Ya Taɓa Bayanan Bincike Da Abin Da Ya Canza

Ɗalibin da ke furojet, da matashin da wata ƙungiya ta ɗauka aikin tattara bayanai a ƙauyuka, da ma'aikacin asibitin da ke shigar da sakamakon gwaji a kwamfuta, duk akwai tambaya ɗaya da za ta iya faɗo musu ba shiri: wannan lambar daga ina ta fito, kuma haka take tun farko? Wanda ba shi da amsa a rubuce sai dai ya yi rantsuwa, ita kuwa rantsuwa ba ta shiga rahoton bincike.

Abin da ke amsa wannan tambaya shi ne tsarin da Turawa ke kira "audit trail", wanda a wannan darasi za a kira shi sawun gyara. Rajista ce da ke rubuta duk wani canji da aka yi wa bayanai, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an goge na baya ba. Darasin zai duba mene ne shi, irin ɓarnar da rashinsa ya taɓa jawowa, da yadda mai wayar Android zai kafa nasa ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Mene ne sawun gyara?

Misali mafi kusa shi ne takardar bayanin asusun banki. Idan aka cire wa mutum kuɗi bisa kuskure a na'urar POS, banki ba ya goge layin cirewar ya yi kamar ba a yi ba. Sabon layi yake ƙarawa mai nuna an mayar da kuɗin, da ranarsa da lokacinsa. Duk wanda ya duba takardar zai ga kuskuren, ya ga gyaran. Haka ma mai shagon da ya san aikinsa: idan ya yi kuskure a littafin bashi, layi ɗaya yake ja a kai yadda za a iya karanta na farkon, ba ya yage shafin.

Cikakken sawun gyara yana amsa tambayoyi biyar game da kowane canji:

1. Wa ya yi shi?
2. Yaushe, rana da lokaci?
3. A wane gurbi aka yi, wane layi, wace tambaya?
4. Me ke wurin a da, kuma me aka sa yanzu?
5. Mene ne dalili?

Akwai bambancin da mai karatu ya riga ya sani daga wayarsa. Tun 2023 WhatsApp ya ba da damar gyara saƙo cikin minti 15 da tura shi. Saƙon yana fitowa da alamar an gyara, amma ba ya nuna abin da aka rubuta da farko. Wannan alama ce kawai, ba sawu ba ne. Facebook kuwa yana barin a buɗe tarihin gyaran rubutu a ga yadda yake a da. Wikipedia ta fi su duka: kowace maƙala, har da na sashen Hausa, tana da shafin tarihi mai nuna sunan mai gyara, da lokaci, da kalmomin da ya cire da waɗanda ya ƙara, da ɗan gurbin rubuta dalili.

Abin da ya faru a Jami'ar Duke

A 2006 wani likita mai bincike a Jami'ar Duke ta Amurka, Anil Potti, tare da abokan aikinsa, sun wallafa sakamako a mujallar Nature Medicine. Sun ce ta hanyar duba ƙwayoyin halittar ciwon daji za a iya gane maganin da zai yi wa kowane majiyyaci aiki. Labari ne babba, har aka fara gwaji a kan masu ciwon dajin huhu da na mama bisa wannan hanya.

Wasu masana lissafi biyu na cibiyar ciwon daji ta MD Anderson da ke Houston, Keith Baggerly da Kevin Coombes, suka yi ƙoƙarin maimaita lissafin, ya ƙi fitowa. Da yake babu cikakken bayanin matakan da aka bi daga ɗanyen bayani zuwa sakamako, sai da suka koma bin diddigi da baya da baya, aikin da ya ci musu lokaci mai tsawo. Suka gano cewa a wasu jadawalai jerin sunayen ƙwayoyin halitta ya goce da layi ɗaya, wato kowane suna ya zauna a gaban lambobin maƙwabcinsa. A wasu wuraren kuma an juya alamomi: samfurin da magani ke yi wa aiki an rubuta ba ya yi, wanda ba ya yi an rubuta yana yi. Ma'anar haka ita ce lissafin na iya nuna wa likita maganin da bai dace da majiyyaci ba.

Sun wallafa abin da suka gano a 2009. An dakatar da gwaje-gwajen, aka sake buɗe su a farkon 2010, sannan aka rufe su gaba ɗaya a wannan shekarar. Potti ya ajiye aiki a Nuwamban 2010, an janye maƙalar Nature Medicine a 2011, kuma a 2015 ofishin gwamnatin Amurka mai kula da gaskiya a harkar bincike ya tabbatar da cewa an yi amfani da bayanan da aka jirkita.

Darasin a nan shi ne tsawon lokacin da abin ya ɗauka. Daga waje ba a iya bambance kuskuren hannu da gyaran ganganci, domin fayil na ƙarshe kawai ake gani. Da akwai rajistar da ke nuna wanda ya canza alamar kowane samfuri da ranar da ya canza, da tambayoyin da suka ci shekaru sun zama aikin buɗe fayil a karanta.

Ba kullum ne ake da mugun nufi ba

Galibin ɓarnar da ake yi wa bayanai ba ta maguɗi ba ce. A 2010 masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun fitar da binciken da ya nuna cewa idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da take samarwa a shekara, matsakaicin haɓakar tattalin arzikinta yana faɗuwa ƙasa da sifili kaɗan. 'Yan siyasa a Turai da Amurka sun riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya nemi ainihin fayil ɗin Excel da suka yi aiki da shi, suka ba shi. Ya tarar lissafin matsakaici ya tsallake ƙasashe biyar cikin ashirin: Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Da shi da malamansa biyu suka gyara wannan da wasu matsalolin na zaɓen bayanai da yadda aka auna su, sai adadin ya koma haɓakar kashi 2.2. Abin da ya sa aka iya ganowa shi ne fayil ɗin aikin yana nan, kuma an yarda wani ya duba shi.

Wani lokacin ma manhaja ce ke yin gyaran da kanta ba ta yi sallama ba. Excel ya daɗe yana mayar da sunayen ƙwayoyin halitta irin su SEPT2 da MARCH1 zuwa kwanan wata, yana ɗaukarsu 2 ga Satumba da 1 ga Maris. Wani nazari na 2016 ya samu irin wannan kuskure a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da aka duba masu ɗauke da jerin sunayen a Excel. Abin ya kai ga a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin halittar ɗan Adam suna ya sauya wasu sunayen, MARCH1 ya koma MARCHF1.

Mai aiki a Najeriya ya san 'yar'uwar wannan matsala. Lambar waya mai farawa da 080 ko 070, idan ta shiga jadawali a matsayin adadi, sifilin farko ɓacewa yake yi. Kwanan wata kamar 03/04/2024 kuwa, a nan 3 ga Afrilu ne, amma kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka za ta karanta shi 4 ga Maris. Wanda bai ajiye ɗanyen fayil ba, ba shi da abin da zai kwatanta ya gane an taɓa masa kaya.

Abin da ƙa'ida ta tanada

A fannin gwajin magunguna sawun gyara ba zaɓi ba ne. Tun 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta kafa ƙa'idar da aka sani da 21 CFR Part 11. Ta wajabta cewa tsarin da ke ajiye bayanan lantarki ya kasance yana rubuta, da kansa, rana da lokacin duk wani shigarwa ko gyara ko gogewa. Sabon gyara kada ya rufe abin da ke wurin a da. Kuma a ajiye rajistar aƙalla tsawon lokacin da ake ajiye bayanan kansu.

Masu wannan fanni suna da wani ma'auni da suke taƙaitawa da ALCOA. Yana cewa bayani nagari shi ne wanda aka san mai shi, ake iya karanta shi, aka rubuta shi a lokacin da abin ya faru, yake na asali, kuma yake daidai. Furojet ɗin ɗalibi ba ya ƙarƙashin FDA, amma waɗannan sharuɗɗa biyar su ne dai malami mai duba aiki zai tambaya a ranar kare furojet, ko da bai kira su da wannan suna ba.

Kayan aikin da ke hannu

*ODK Collect da KoboCollect.* Waɗannan su ne manhajojin Android da ƙungiyoyi da yawa ke amfani da su wajen cike fom a fili, har inda babu sabis, kuma an yi aiki da ODK sosai a yaƙi da cutar shan inna a Najeriya. Suna da sawun gyara a cikinsu, sai dai mai tsara fom ne ke kunna shi. A jadawalin XLSForm ana ƙara layi ɗaya, a rubuta audit a gurbin nau'i, a sake rubuta audit a gurbin suna. Daga nan kowane fom da aka cike zai zo da ɗan fayil mai suna audit.csv, wanda ke nuna lokacin da aka buɗe kowace tambaya da lokacin da aka bar ta. A gurbin parameters ana iya ƙara umarni uku:

- track-changes=true: yana rubuta tsohuwar amsa da sabuwa duk lokacin da aka canza.
- identify-user=true: yana sa mai cikewa ya rubuta ko shi wane ne kafin ya fara.
- track-changes-reasons=on-form-edit: yana neman dalili daga duk wanda ya sake buɗe fom ɗin da aka ajiye ya yi gyara.

Lokacin da ke cikin fayil ɗin ba ya zuwa kamar na agogo. Doguwar lamba ce da ke ƙirga kason daƙiƙa ɗaya bisa dubu tun daga 1 ga Janairun 1970. Idan aka ɗebe lambar farawa daga ta gamawa aka raba da 1,000, za a samu daƙiƙoƙin da aka ɓata a kan tambayar. Da wannan ake gane fom mai tambaya sittin da aka cike cikin minti huɗu, alamar cewa a inuwar bishiya aka zauna aka amsa wa mutane tambayoyinsu.

*Google Sheets.* Yana ajiye tarihin fayil da kansa. A kwamfuta ana shiga "File", sannan "Version history", a ga yadda jadawalin yake a ranaku daban-daban da sunan wanda ya yi kowane gyara, kuma ana iya raɗa wa wani mataki suna, kamar "kafin tsaftacewa". Idan aka danna dama a kan akwati ɗaya aka zaɓi "Show edit history", za a ga wanda ya canza shi da abin da ke ciki a da. Cikakken tsarin a shafin intanet yake, don haka mai waya zai fi samunsa idan ya buɗe ta Chrome ya kunna "Desktop site". Yana da iyaka: tarihin akwati ba ya nuna layin da aka goge ko canjin da lissafi ya haifar, ba ya tambayar dalili, kuma idan aka kwafi fayil ɗin, kwafin ba ya tafiya da tarihin.

*Google Drive.* Fayil ɗin da ba na Google ba, kamar Excel ko CSV da aka ɗora, ana ajiye tsofaffin zubinsa ne na kwana 30 ko zubi 100, sai in an zaɓi "Keep forever". Wanda ya dogara da shi ba tare da sanin haka ba zai iya komawa bayan wata biyu ya tarar babu komai.

*REDCap.* Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ce ta samar da shi a 2004 don binciken lafiya, kuma cibiyoyi ne ke girka shi, ba ɗaiɗaikun mutane ba. Yana rubuta duk abin da kowane mai asusu ya yi, kuma ana iya saita shi ya ƙi karɓar gyara sai an rubuta dalili.

*Git.* Linus Torvalds ya ƙirƙire shi a 2005 don masu rubuta manhaja, amma masu bincike na amfani da shi wajen bin sawun fayilolin rubutu da na lissafi. Kowane mataki da aka ajiye yana ɗauke da suna, da lokaci, da bayani, kuma yana ɗaure da hatimin matakin da ya gabace shi. Wanda ya koma baya ya taɓa tsohon mataki, hatiman duk matakan da suka biyo baya za su canza, masu riƙe da kwafi su gani.

Hatimin fayil

Wannan hatimi yana da amfani ko ga wanda bai san Git ba. Akwai lissafin da ake kira SHA-256 wanda ke karanta fayil komai girmansa ya fitar da jerin haruffa da lambobi 64. Kalmar abc, alal misali, hatiminta yana farawa da ba7816bf a kowace na'ura a duniya. Idan aka canza ko da waƙafi ɗaya a fayil, hatimin yana sauyawa gaba ɗaya. Mai Android zai iya fitar da shi ta manhajar Termux da umarnin sha256sum sannan sunan fayil. Ɗalibin da ya fitar da hatimin ɗanyen fayil ɗinsa a ranar da ya gama tattara bayanai, ya tura wa malaminsa ta imel, ya samu shaida mai kwanan wata. Bayan wata shida kowa na iya sake lissafin ya tabbatar fayil ɗin bai motsa ba.

Tsari mai sauƙi ga ɗalibi

A ɗauka ɗalibi ya raba takardar tambayoyi 300 tare da abokai uku masu taya shi shigarwa. Ga matakan da za su wadatar:

1. Kowace takarda a ba ta lamba, kuma lambar ta shiga jadawali. A ɗauki hoton takardun a ajiye.
2. Da an gama shigarwa, a ajiye wannan fayil a folda mai suna "ɗanye", a fitar da hatiminsa, kada a ƙara taɓa shi. Duk aiki a kan kwafi za a yi.
3. Kowane mai shigarwa ya yi amfani da asusunsa. Idan mutum huɗu na shiga da kalmar sirri ɗaya, tarihin zai nuna suna ɗaya ne kawai, amfaninsa ya tafi.
4. A buɗe shafi na biyu mai suna "rajistar gyara" da gurabe shida: rana, mai gyara, lambar takarda, tsohon abu, sabon abu, dalili. Layi ɗaya zai iya zama haka: 2025-02-11, mai shigarwa na 2, takarda 147, shekaru 230, shekaru 23, kuskuren bugawa, an duba hoton takardar.
5. Kada a goge layi. Idan takarda ta maimaitu ko ba ta cika ba, a ƙara gurbi a rubuta "an ware" da dalili. Ta haka idan aka tambayi yadda 300 suka koma 288, amsar tana nan layi goma sha biyu.
6. A sa kwanan wata a sunan fayil da tsarin shekara, wata, rana, kamar bincike_2025-02-11. Sunaye irin su "na ƙarshe" da "na ƙarshe na gaske" ba sa gaya wa kowa komai.
7. A saita agogon kowace waya ya riƙa karɓar lokaci daga layin sadarwa. Rajistar da agogonta ya goce ba ta da amfani wajen jera abin da ya faru.

Inda sawun gyara yake tsayawa

Sawun gyara ba ya tabbatar da cewa bayani gaskiya ne. Yana nuna abin da ya same shi ne daga lokacin da ya shiga na'ura. Wanda ya ƙirƙiri amsa a takarda kafin a shigar, rajistar jadawali ba za ta kama shi ba. Sai an koma ga wasu daga cikin waɗanda aka yi wa tambayoyin an tabbatar. Rajistar da mutum ke rubutawa da hannunsa kuma ba ta kai wadda na'ura ke rubutawa ƙarfi ba, domin mai ita na iya tsallake abin da ba ya so a gani. Sannan rajistar da ba wanda ke karantawa ba ta hana komai. Ya kamata a ware rana a mako a duba ta.

Akwai kuma batun sirri. Tarihi ba ya mantuwa: idan aka goge sunaye da lambobin wayar waɗanda aka yi wa tambayoyi daga Google Sheets, suna nan a tsofaffin zubi, kuma duk wanda aka ba izinin gyara fayil ɗin zai iya ganinsu. Idan za a tura wa wani bayanai, a yi sabon kwafi bayan an cire sunayen, shi za a tura. ODK kuma ana iya saita shi ya riƙa rubuta wurin da wayar take yayin cike fom, wanda bayani ne a kan shi ma'aikacin, don haka a sanar da shi tun kafin ya fita. A Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai tattara bayanan mutane alhakin kiyaye su, kuma rajistar gyara tana cikin abin da za a kiyaye.

Ga wanda yake tsakiyar aiki bai fara komai ba, bai makara ba. Ya ajiye fayil ɗin yadda yake a yau, ya fitar da hatiminsa, ya rubuta a layin farko na rajistarsa cewa daga wannan rana sawun ya fara, tare da duk gyaran baya da yake iya tunawa. Daga nan duk lambar da ta canza, a san wanda ya canza ta da dalilinsa.